'Yar Kano, 'Yar Lome ko Ta Hannun Gida: Wace Mota Ta Dace da Mutumin Damagaram?

Ƙanena malamin makaranta ne, yana koyarwa a wata lise nan cikin gari. Shekara huɗu yana zubin adashe, da kwasarsa ta zo ya haɗa da ɗan bashin banki, sai ga shi bayan isha'i ya shigo da waya a hannu. "Yaya, duba mini waɗannan." Hotuna uku ne. Ta farko Camry ce baƙa wuluk tana ɗaukar ido, a wani filin sayar da motoci na Kano. Ta biyu RAV4 ce, wai tana Lome, saukarta daga jirgin ruwa ke nan. Ta uku farar Corolla ce mai lambar gida, ta wani ɗan fansho a Sabon Gari, fentin ƙofar baya ya ɗan koɗe. Ko bai faɗa ba na san inda zuciyarsa take, don sau uku yana komawa kan baƙar.

Na ce ya ajiye wayar tukuna. Motocin nan uku, hanyoyi uku ne da mota ke bi ta shigo hannun mutumin Damagaram, kowace kuwa da irin ramin da ke cikinta. Akwai ta huɗu, wato ka je Yamai wajen CFAO ka ɗauko sabuwa fil da garanti, amma mai wannan ƙarfin ba ya neman shawarar irina.

Bari in fara da Kano, tunda can ne hankalin kowa ya fi karkata. Tafiyar wajen kilomita 240 ce ta Matamaye da Daura, ka tashi da asuba ka yi azahar a can. Tun da darajar naira ta zube a 2023, duk wanda ya canza sefa a bakin iyaka sai ya ji kamar ya zama Alhaji, farashin da dillali ya faɗa kuma in ka mayar da shi jaka-jaka sai ka ga kamar kyauta. Abin da mutane ke mantawa shi ne, a cikin farashin nan har da kuɗin kwastan ɗin Najeriya, in ma an biya, kuma duwan ɗinmu babu ruwansu da wannan. Mota ta ƙetaro, sai an sake yi mata duwan daga farko, a fitar mata da kart giriz, wato takardar mallakar mota, da lambar Nijar. Takardar lese-pase da ake ba mota a bakin iyaka ta baƙo ce, mai wa'adi, don wanda ya zo biki ko kasuwa ya koma. Masu yawo da lambar Najeriya cikin gari wata da watanni suna nan, kowa na ganinsu, amma ranar da aka tare mutum a shinge a hanyar Mirriya ko Takeita, tara da zaman jira za su cinye arahar da ya yi murna da ita. Don haka kafin ka ce "na saya" a Kano, ka sami tiransite, wato mai fitar wa mutane kaya daga duwan, a nan gida, ka ba shi samfurin motar da shekararta da lambar shasi, ya faɗa maka abin da duwan za ta ci. Ka ɗora wannan a kan farashin, sannan ka kwatanta.

Akwai kuma wani abu. A bakin dillalan Kano mota iri biyu ce: 'yar Beljiyam ko tokumbo, wadda ba a hau ta a Najeriya ba, da wadda aka hau. Tsakaninsu kuɗi ne mai yawa, masu gyaran jiki da fenti na Kano kuwa gwanaye ne na gaske. Motar da ta yi shekara biyar tana zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja, a kwana uku za a wanke inji, a sake rigar kujeru, a cire lamba, a jera ta cikin sababbin shigowa. Ga kuma motocin sata da ake ƙetarowa da su da takardun jabu. Wanda aka kama ta a hannunsa shi ke asarar mota da kuɗi, har ya kwana a komisariya yana bayani. Ban ce kada a saya a Kano ba. Amma sayen can na wanda ke da ɗan gari amintacce ne, kuma ya tafi da makanikinsa.

Amfanin Kano na gaske a wurinmu yana wajen kayan gyara. Duk motar da ta cika titin Kano, kayanta na nan jibge a Ƙofar Ruwa, ka aika da safe a sa maka a motar tasha, gobe makaniki na ɗaurawa. Saboda haka ko a ina za ka sayi mota, ka tambayi kanka: irinta nawa nake gani a Kano?

Abin dariya, da can ruwan ta wancan gefen yake gangarawa. Motoci na sauka Kwatano, su hauro ta Gaya, su bi ta Konni da Maraɗi su shiga Najeriya, shi ya sa har yau ake cewa abu ɗan Kwatano ne. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata gefen. Nan ne ciniki ya karkata Lome, ta cikin Burkina Faso, a ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kowane kwana kuma kuɗi ne.

Wannan shi ya kawo mu kan RAV4 ɗin ƙanena. Kyan 'yar Lome shi ne ba ta sha gargadar hanyoyinmu ba, ƙafafunta da sauran ƙarfi, injinta ya saba da juyen baƙin mai a kan lokaci. Amma farashin da aka turo maka a WhatsApp somin-taɓi ne. Akwai kuɗin fita daga tasha, da tiransite, da direba, da mai, da rakiya, da duwan, da lamba, sannan in ta iso Yamai saura wajen kilomita 890 kafin ta ga Damagaram. Uwa-uba cinikin biri a sama ne: ka tura miliyoyi a kan hoto, hoto kuwa ba ya nuna hayaƙi, ba ya jin ƙara. Wanda ya ga dole sai sabuwar shigowa, gara ya je filayen motoci na Yamai ko Maraɗi ya sayi wadda ta riga ta iso, an yi mata duwan, ya taɓa ta da hannunsa. Zai biya ribar ɗan kasuwa, amma ɗan kasuwar ne ya ɗauki kasadar hanya.

Sababbin shigowar ma gida biyu ne, kuma bambancin ya kai a tsaya a kansa. 'Yar Turai, irin waɗanda ake lodi daga Antuwap ta Beljiyam, yawanci ƙaramin inji gare ta, giyar hannu, ba ta shan mai sosai, da yawa kuma gazwal suke sha. Ciwonta tsatsa, saboda gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara. Sama tana sheƙi, ka leƙa ƙasa ka ga ƙarfe na ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Wasu tsofaffin ma babu na'urar sanyi ko kaɗan, a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afirilu da Mayu. 'Yar Amurka kuwa otomatik ce, fetur, inji babba, sanyinta mai ƙarfi. Nata ciwon shi ne da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye, aka gyara a hanya. Sannan agogonta mil yake ƙirgawa: in ka ga 150,000, kilomita wajen 241,000 ke nan, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗoriya.

Lambar shasi ba ta ƙarya in ba a taɓa ta ba. Harufa da lambobi 17 ne. Na farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Dillali ya ce maka 2010 ce, ka ƙirga da yatsa ka ga 7, to an sauya mata fitilu da bamba ne don ta yi kama da ƙanwarta. Ka duba lambar a jikin gilashin gaba, da jikin ƙofar direba, da kan takarda, su zo ɗaya harafi da harafi.

Saura ta hannun gida, wadda ƙanena ya fi rainawa, ni kuma na fi so wa mai sayen fari. Dalilina ɗaya ne: a Damagaram mota ba ta da sirri. Ka faɗi launinta da unguwar mai ita, za a sami wanda zai ce maka ai ita ce ta faɗa rami a hanyar Magarya bara, ko kuwa ai tsohon nan daga gida sai masallaci sai asibiti. Makanikin da ke duba ta yana nan, mai wankinta yana nan. An riga an yi mata duwan, abin da ya rage sauya suna. Gaskiya ne ta sha ƙura da rana, shokozoba da robobin ƙafa sun gaji, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma waɗannan gyare-gyare ne da ake iya ƙiyasta kuɗinsu tun kafin a biya.

Ramin ta gida a takarda yake. Sau da yawa mota ta wuce hannu uku, kart giriz na ɗauke da sunan mutumin farko, wanda wataƙila ya koma Agadas ko ya riga mu gidan gaskiya. Akwai motar gado da wani ɗa ya fito da ita kasuwa ba a raba ba. Akwai wadda aka jingina a banki. Akwai kuma motocin ƙungiyoyin agaji da na furoje, masu kyan gani da arahar ban mamaki, waɗanda aka shigo da su bisa yafiyar haraji. Ranar da suka koma hannun ɗan kasuwa ko malamin makaranta, duwan na jiran nata. Ka ga takardar duwan ta asali da idonka, ka ga mai sunan da ke kan kart giriz ko wakilcinsa a rubuce, a yi takardar sayarwa a buga mata hatimin hukuma, da shaidu. Kunya ba ta da wuri a nan, ko da mai motar surukinka ne.

To, wace irin mota? Nan ma sai mutum ya faɗa wa kansa gaskiya game da inda zai riƙa zuwa. Wanda rayuwarsa gida, wurin aiki, kasuwar Dole, sai Maraɗi ko Kano jefi-jefi, Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta ishe shi. Injinta mai lita 1.8 sarƙa gare shi maimakon bel, babu garejin da ba a san cikinsa ba, kuma ranar da ka so sayarwa kafin la'asar ka sami mai saye. Matrix da Pontiac Vibe 'yan ɗaki ɗaya ne da ita, inji ɗaya, sai dai bayansu ya fi ɗaukar kaya. Aibin Corolla ƙasa take, tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 15 ba, in damina ta yanke lungu ko yashi ya taru sai ka ji cikinta na gurzar ƙasa. RAV4 ta fi ta tsayi, wajen santimita 19, ita ce ta mai zuwa ƙauye ta hanyar burji ko mai gona a bayan gari. Sai dai a kula: masu giyar otomatik na 2001 zuwa 2003 an san su da matsalar kwamfutar da ke sarrafa giya, tana sa mota fizga har ta kashe giyar. Injin lita 2.4 kuma, wanda ke cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2008 da Camry ta 2007 zuwa 2009, ya yi suna wajen shan baƙin mai. Baƙar Camry ɗin da ta tafi da hankalin ƙanena cikin waɗannan take, kuma irinta ce dashbod ɗinta ke narkewa ya yi danƙo in rana ta dake shi. Ka tuna zafin ranar Damagaram.

Wanda kuwa hanyarsa Tanut ce zuwa sama, ko rairayin bayan Gure, maganar Corolla ba ta taso ba. Hilux ko Land Cruiser, su ma tsofaffin da injinsu bai cika wayoyi ba. Amma kada mutum ya sayi Hilux don a gan shi a ɗaurin aure. Tayoyinta huɗu kaɗai sun isa su tayar masa da hawan jini.

Lissafin mai yana da sauƙi, mutane ne ba sa son yi. Da farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, litar fetur sefa 499 ce, gazwal 618. Corolla na shan lita 7 zuwa 8 a kilomita 100 a doguwar hanya, wato zuwa Yamai wajen jaka 33 (sefa 33,000). Highlander mai silinda shida, da ke shan wajen lita 12, za ta ci jaka 53 a tafiya ɗaya, ban da dawowa. Da can mutanen nan ba su damu ba, don man bakin titi na Najeriya ya fi ruwa araha. Tun da aka cire tallafi a can a ƙarshen Mayun 2023 wannan zamani ya wuce, har ta kai matatar mai ta SORAZ da ke nan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ba ta iya ƙosar da kowa, aka ga dogayen layuka a gidajen mai a Maris na 2025. Babban inji yanzu nauyi ne.

Gazwal fa? Ga ƙaramar motar gida, ban ba da shawara ba. Litarsa ta fi tsada, sannan motocin gazwal na Turai daga wajen 2010 zuwa sama suna ɗauke da matatar hayaƙi da ke toshewa in ana gajerun tafiye-tafiye cikin gari, ga nozul masu tsada da ba sa jure gurɓataccen mai. Gazwal na mai dogon zango da kaya ne. Mai sayen Hilux D-4D kuma ya tambayi yaushe aka sauya bel ɗin inji, don a kilomita 150,000 ake sauya shi, in ya tsinke yana tafe da asara babba.

Giyar hannu ko otomatik, wannan ba na zafafawa. Ta hannu ta fi sauƙin gyara, in batir ya mutu yara su tura ta tashi. Otomatik ta Toyota mai giya huɗu tana da ƙarko in ana sauya mata mai da irin nata. Wadda nake ja wa mutum kunne a kanta ita ce giyar otomatik da ake kira CVT, da ke cikin yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2014. In ta lalace sai dai a nemo wata a ɗora. Marsandi da BMW da sababbin Fijo kuwa daɗin hawa gare su, babu musu, amma na sha ganinsu a gareji an ɗora a kan duwatsu, ƙura ta rufe gilashi, ana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas.

Ranar Asabar muka je ganin farar Corolla, da sassafe, don na roƙi mai ita kada ya tayar da ita kafin mu zo. Inji mai sanyi shi ke faɗin gaskiya. Makanikina, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin Fijo 504, ya fara ɗora tafin hannu a kan bonet ya tabbatar ba a ɗumama ta ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi, yana neman farin kumfa mai kama da madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Babu. Ya buɗe lagireto ya leƙa, ya ɗan tsuke baki.

"Alhaji, ruwan famfo kake zuba mata?"

"Wallahi Malam, tun da na saye ta."

"To, za a wanke, a zuba na kanti. Tamostat ɗin ma na ga an cire, za mu mayar."

Ya sa ƙanena ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya ƙirga fitilun dashbod ɗaya bayan ɗaya, don masu wayo na cire ƙwan fitilar inji ko ta jakar iska don kada ta tona asiri. Da aka tayar, ya koma baya ya tsuguna wajen salansa: shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri gaskit ne. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan Kano ke kira indomi, don ana yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Tana nan. Ya ɗaga kafet ɗin but ya shafa, babu walda, babu busasshen laka. Sannan ya ɗauko ɗan maganaɗisu a aljihu ya bi jikin motar da shi, da ya zo ƙofar bayan nan mai koɗaɗɗen fenti sai ya ƙi kamawa.

"Nan an cika da hoda."

Alhajin ya yi murmushi. "Amalanke ce ta goge ni a bakin kasuwa, shekara uku ke nan."

Tayoyi kuwa, makanikin ya nuna wa ƙanena lambobi huɗu da ke gefe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na gaba 2319, wato mako na 23 na 2019. Zanensu bai cinye ba, amma roba ta tsufa, a kwaltar Mayu irinsu ne ke fashewa. Muka hau muka yi hanyar Mirriya, ya sa aka kashe rediyo, aka kunna sanyi, ya saki sitiyari kaɗan ya ga ko tana ja gefe, ya taka birki da ƙarfi, ya bi ta kan gargada da gangan yana kasa kunne. Da muka dawo ya lissafa: tayoyi biyu, shokozoba na gaba, wankin lagireto, juye da filtoci. Wannan lissafin muka ɗora a gaban Alhaji, aka yi ta albarka da ƙari har aka sallama, dillalin da ya haɗa su ya karɓi la'adarsa.

Na riga na gaya wa ƙanena kada ya zuba duk abin da ke hannunsa a kan farashi, ya bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar. Nan kuɗin gyaran ya fito, da asirans (inshora), da binyet (harajin mota), da bizit (binciken lafiyar mota), da sauya suna a kart giriz, wanda na matsa masa ya gama a makon, tun Alhaji na kusa kuma ana ganin juna a masallaci.

Wata biyu ke nan yana hawa. Jiya ya zo ɗaukar Hajiya zuwa asibiti, na karɓi wayarsa zan kira wani, sai na ga har yanzu baƙar Camry ce a fuskar wayar.